Lambar cesis ɗin tsohuwar roka, a ina ake samunta kuma me take faɗa?

Abban Walid:
Salamu alaikum ƴan uwa na wannan zaure mai albarka. Dan Allah ina neman taimakon masana tsofaffin Marsandi. Akwai rokar mahaifinmu Allah ya jiƙansa, ta daɗe a ajiye a bayan gida tayoyi duk sun nutse a ƙasa, yanzu da aka zo rabon gado sai ta faɗo a kasona, wasu na cewa in kira ƴan gwangwan su auna a kilo in huta, ni kuma wallahi zuciyata ba za ta iya ba, da motar nan aka ciyar da mu aka kai mu makaranta. Ina so in tada ta in sabunta takardu. Matsalar ita ce gara ta ci rabin fatikula ɗin, wajen lambar cesis ɗin lambobi kaɗan ne suka rage, na duba gaban gilashi inda ake gani a ƙananan motoci babu komai. A ina zan nemo ta? A gefen bonet dai an rubuta 911.

Oga Panteka:
Waalaikumussalam. Allah ya jikan Baba ya sa ya huta. Kar ka sayar, rokar da ka gani bata mutuwa sai dai a gaji da ita. Maganar gilashi ka manta da ita wannan na motocin zamani ne. Ka zagaya bangaren dama na motar, wato damanka idan kana zaune a ciki kana kallon gaba, ka karya sitiyari taya ta bude maka waje sannan ka leka jikin karfen cesis din daga bamba zuwa bayan tayar gaba, kusa da inda sifirin yake kamawa. A jikin karfen aka buga ta ba a jikin wani abu da aka manna ba. Zaka tarar da bakin mai da laka da fenti sun rufe wajen kamar ba komai, ka jika shi da kananzir ko gas ka bari ya kwana, da safe ka bi da burushin waya a hankali. DAN ALLAH kar ka bari wani yaro ya sa mata giranda, sau daya giranda zata wuce lambar ta tafi har abada, kuma duk jami'in da ya ga wajen a goge yana sheki cewa zai yi motar sata ce.

Abban Walid:
Na gode Oga, Allah ya saka. To akwai wani ɗan farantin alminiyam da na gani a bakin ƙofa an kama shi da ribit, da rubutun da ba Turanci ba, shi ba zai wadatar ba?

Injiniya A.:
Wannan farantin kamfani ne kuma rubutun Jamusanci ne. Layin da aka sa Fahrgestell-Nr shi ne lambar cesis, inda aka sa Typ sunan samfurin ne, akwai kuma layin nauyin mota gaba ɗaya da na abin da kowane aksil zai ɗauka a kilo. Yana da amfani sosai ka ɗauke shi hoto. Amma shi faranti a jikin kan mota yake, kan mota kuwa ana sauke shi a ɗora wani, musamman irin waɗannan da suka yi shekaru suna bin hanya suna faɗuwa ana tadawa. Saboda haka sai ka haɗa biyun, na faranti da na jikin ƙarfe, in sun zo ɗaya alhamdulillahi, in sun saɓa to ta jikin cesis ita ce motar.

Baba Tsohon Direba:
Yaro Allah ya yi maka albarka da ka ki sayarwa. Mu da muka ja wadannan motoci mun san abinda suka yi a kasar nan, gyada da auduga da shanu zuwa kudu a dawo da goro da manja duk a bayansu aka yi. Abinda injiniya ya fada gaskiya ne, a zamaninmu idan mota ta fadi kai ya lotse ba wanda yake tsayawa jira, a nemo wani kai a dora a cigaba da neman abinci, ba mai tuna wani faranti. In ka wanke wajen ka samu alli irin na makaranta ka goga a kai sannan ka share da tafin hannu, allin zai zauna a cikin ramin lambobin su fito fari tas. In sun dushe sosai ka bari sai dare ka haska tocila daga gefe ba daga gaba ba, inuwa zata nuna maka su.

Mai Sifiya Kofar Ruwa:
Ko ya dora farar takarda ya goga fensir a kai, ita ma tana fitowa kuma ya samu abin ajiyewa. Ni dai rokona in ka samo kar ka turo lambar gaba daya a nan, mutane sun yi yawa ba kowa ka sani ba, ka turo na farko guda takwas ka rufe shidan karshe.

Abban Walid:
Jama'a na dawo, alhamdulillahi ta fito, dabarar alli ta Baba ce ta yi aiki. Amma fa kaina ya ɗaure. Lambobi 14 ne babu harafi ko ɗaya, ni kuma na san lambar mota 17 ce, na sa ta a irin shafukan nan na intanet da ke fassara lamba suka ƙi karɓa wai ba ta cika ba. Sannan ta jikin ƙarfe ta fara da 358, ta faranti kuma ta fara da 353, ƙarshensu ma ba ɗaya ba. Ɗan abin da ya rage a fatikula ya yi daidai da ƙarshen ta jikin ƙarfe. Ko tsatsa ce ta cinye guda uku?

Injiniya A.:
Babu abin da tsatsa ta ci, haka take. Tsarin lamba 17 sai wajen 1980 zuwa 1981 ya zama na kowa, kafin nan kowane kamfani da nasa salon, shi ya sa shafukan nan ba sa gane tsofaffin motoci. Na Mercedes 14 ne kuma kashi uku ake karanta shi. Shida na farko su ne ƙirar motar, wato irin cesis ɗin da tsawonsa da ko tipa ce ko mai bodi. Biyu na tsakiya, na farkonsu yana nuna ɓangaren da sitiyari yake. Shida na ƙarshe kuma su ne lambar ita wannan motar a jerin waɗanda aka ƙera. Da tsarin 17 ya zo ma abin da suka yi shi ne ƙara WDB a gaba, uku da goma sha huɗu ka ga 17 kenan.

Yanzu ga inda labarinka yake. 353 na dangin 911 ne, 358 kuma na dangin 1113 ne. Wato kan motar da bonet ɗin na 911 ne amma ƙashin bayanta 1113 ce, kuma tunda fatikula ta bi ta jikin ƙarfe to Baba ya yi takardunsa daidai, kai kawai aka canza wani lokaci. Ni a ganina wannan albishir ne ba matsala ba.

Abban Walid:
Ikon Allah, mu dai tun muna yara nayin-ilebin muke ce mata. To meye bambancin 911 da 1113 ɗin?

Injiniya A.:
Tun 1963 suka koma wannan salon suna. Lamba ɗaya ko biyu na farko nauyin mota ne da kayanta a tan, biyun ƙarshe kuma ƙarfin inji ne in ka ninka sau goma. 911 tan 9 da ƙarfin doki wajen 110, 1113 tan 11 da doki 130, haka 1513, haka manyan 1924 da 2624. A lura tan 11 ɗin har da nauyin ita kanta motar, ba wai kayan tan 11 za ka loda mata ba, duk da na san me ake yi a tasha. Haruffan gaba ma suna magana, L motar kaya ce, LK tipa, LA mai ja da ƙafa huɗu, LS kan tirela. Kuma daga baya sun riƙa ƙara wa injin ƙarfi ba tare da sun taɓa sunan ba, za ka ga 911 mai doki 130, don haka sunan jikin bonet kar a rantse da shi.

Oga Panteka:
Shi ya sa nake fada da masu zuwa sayen kaya suce a bani na nayin-ilebin kawai. Sifirin ba daya ba, birki ba lallai ya zo daya ba, ka sayo na 911 ka daura wa 1113 ka loda mata buhuna ka shiga hanyar Birnin Gwari ka gani. Abban Walid duk abinda ya shafi kasa, sifirin, aksil, birki, da 358 zaka nema. Abinda ya shafi kofa, gilashi, bonet, madigad, da lambar faranti zaka nema.

Sarkin Walda:
Ni fa ina ganin kuna wahalar da bawan Allah. Tunda faranti da cesis basu zo daya ba duk inda aka tare shi sai an yi dogon turanci. Ya kawo ta a cike wajen da walda a goge a buga masa wadda ke jikin farantin, akwai masu karfen buga lamba aikin minti kadan ne, ko kuma a cire farantin a yar kowa ya huta. Motar ubansa ce ai ba sata yayi ba.

Oga Panteka:
Haba Sarki. Wallahi ban zaci wannan daga bakinka ba. Mota tana da lambarta ta asali lafiya lau wadda ta dace da takarda, kace a goge a buga ta wata motar da bamu san inda gangar jikinta take ba? In ita waccan 353 din tana nan tana yawo a wani gari da takardunta fa? ko an taba kai rahotonta? Ka dauki mai gaskiya ka maida shi mai laifi da hannunka. Kuma bugun hannu baya boyuwa, na kamfani a jere yake zurfinsa daya, na bakin titi wani ya hau wani ya sauka, ga tabon walda ta bayan karfe duk wanda ya sa hannu zai ji.

Sarkin Walda:
Oga ni sauki nake nema masa, kai kasan yadda hanya take.

Baba Tsohon Direba:
Sarki wannan ba sauki bane dana. Na ga mutum da idona, mutumin kirki, ya sayi tipa hannu da hannu ashe an taba lambar, aka tare yaronsa a wani shinge aka rike motar, tana ajiye a ofishin rana da ruwan sama har tayoyi suka fashe, shi da ya sayar masa kuma ya riga ya rasu ba mai zuwa ya bada shaida. Karshe sai hakura yayi da ita. Abinda aka buga a kamfani a barshi yadda yake ko da lamba daya ce ta dushe.

Injiniya A.:
Kuma farantin ma kar a yar. Abin da ya dace, tunda ga ragowar fatikula ga takardar rabon gado, ya je kotu ya yi takardar rantsuwa ya bayyana cewa takardu sun lalace kuma an taɓa canza kan motar, ya samu rahoton ƴan sanda, sannan ya nufi ofishin lasin da hotunan lambobin biyu, su duba motar da idonsu. Ya fi tsawo amma in ya gama ya gama kenan.

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum, ina biye da ku daga nan Nijar. Mu nan a katin giriz, wato fatikular mota, nimeron shasi shi ne komai, in ka zo duwan, wato kwastan, ko wajen bizit inda ake duba lafiyar mota, ba ruwansu da abin da ke rubuce bisa kofa, duƙawa suke su duba ƙarfe. Kamiyo da yawa da ke zuwa Agadas da Diffa ka ga kai na wata, moter na wata, fon na baya wato aksil na wata, amma muddin shasi ya dace da takarda ana wucewa. Tsofaffin Berliet ma da suka rage haka ake yi da su. Abin da nike so in tambayi injiniya, ni tawa 1113 ce amma nimeronta 17 ne kuma bai fara da WDB ba, da 9BM ya fara, ko jabu ce?

Injiniya A.:
Ba jabu ba ce Malam, ƴar Barazil ce. 9BM na masana'antar Mercedes ne da ke São Bernardo do Campo, sun ƙera 1113 da yawan gaske a can. Ai wannan ƙirar mai gajeren hanci ta yi yawo a duniya, a Jamus aka fara ta a 1959 kuma ba su daina yin ta don kasuwannin waje ba sai 1995, Iran ma sun yi manyan nata, mu nan Najeriya kuma masana'antar ANAMMCO ta Enugu ta fara haɗa motocin Mercedes a 1981. Amfanin sanin haka shi ne wajen sayen kaya, ka faɗa wa mai shago ƴar Barazil ce tun farko don wasu abubuwan sukan bambanta da na Jamus.

Ɗan Maraɗi:
Madalla, Allah shi ƙara sani. Hankalina ya kwanta.

Abban Walid:
Injiniya ka ce biyu na tsakiya suna nuna sitiyari, nawa na farkon 2 ne. Sannan ina ake ganin shekarar da aka ƙera ta? Yayana ya dage wai lamba ta goma ita ce shekara, haka ya gani a waya.

Injiniya A.:
Abin da yayanka ya gani na motocin da aka yi wa kasuwar Amurka ne masu lamba 17, a can harafi na goma shekara ne. Taka babu shekara a cikinta kwata-kwata, ko Mercedes na Turai masu 17 ɗin ma gurbi na goma sitiyari yake nunawa. Shekara sai dai a bi lambar jeri a duba a kundin kamfani, don kowace mota suna da katin bayananta na ranar da ta fita, da lambar inji da giyabos da aksil da aka sa mata. Amma 2 ɗin nan taka ta ba ni sha'awa. 1 sitiyarin hagu ne, 2 sitiyarin dama. Yanzu a wane ɓangare sitiyarin yake?

Abban Walid:
A hagu yake kamar kowace mota.

Baba Tsohon Direba:
Allahu akbar. To ai juya ta akayi. Yaro kafin canjin hannu mu a hagun titi muke tuki irin na Ingila sitiyari a dama, ranar 2 ga Afrilu 1972 lokacin Gowon aka koma dama, ina kan mota a lokacin, an sha wayar da kai a rediyo kafin ranar kuma da farko kowa a hankali yake tafiya kamar mai koyo. Bayan nan motoci da yawa an maida su hagu, wasu kuma da aka tashi canza kai sai a nemo na hagu a hada da akwatin sitiyarin gaba daya. Ka koma ka duba karfen cesis na dama ta gaba, in ka ga ramukan kusoshi a jere babu komai a jiki to nan akwatin sitiyarin yake da.

Mai Sifiya Kofar Ruwa:
Baba Allah ya kara lafiya amma ni ba zan yanke cewa ta riga 1972 ba. Ghana basu canza hannu ba sai 1974, kuma har yau Ingila da Kenya da Afirka ta Kudu sitiyarin dama suke, ana iya shigo da ita daga baya a juya. 2 din ta nuna yadda aka haife ta ne kawai bata nuna yaushe ta shigo ba.

Baba Tsohon Direba:
Hakane dana ban musa ba. Amma mutumin da yake jigila a arewa a wancan zamani ina zai je Kenya sayen roka, ga Leventis a gari suna sayar da sabuwa. Ni zuciyata tafi karkata ga tun kafin canjin hannu take nan.

Abban Walid:
Baba na je na duba yanzu, wallahi ramukan suna nan a dama, an toshe ɗaya da kusa sauran a buɗe. Na kira babbar yayarmu ta ce ita ta tuna tana ƙarama mahaifinmu yana shiga ta ɗaya ƙofar, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba. Jikina duk ya yi sanyi.

Oga Panteka:
To saura inji, don shi ne zai ci maka kudi. Ka duba jikin bulok ta gefe akwai dan faranti ko wajen da aka daddale aka buga lamba, shima sai ka wanke. Kar ka rude da lambobin da suka kumburo a jikin karfen wadanda aka zubo su tare da bulok din, wadannan lambar kayan ne duk bulok irinsa haka take, mutane da yawa ita suke kwafowa su kai ofis. Ta gaskiya bugawa akayi ta shiga ciki. In OM 352 ne, silinda shida lita 5.7, to ka ji dadi kayansa har gobe akwai. In kuma an taba sa mata OM 366 wanda ya gaje shi to ringi da fistin daban ne.

Injiniya A.:
Ƙarin bayani kan na Oga, lambar injin OM 352 tana iya farawa da 352 ko ma 353, kar ka ga 353 ka ce ai irin ta faranti ce. A inji lamba ta huɗu 9 ce, da haka ake bambanta ta da ta cesis. Injekta kuma na Bosch ne da nasa farantin daban, za ka ga PES 6A a jiki, shi ma ɗauke shi hoto don mai gyaran injekta da shi zai yi aiki wajen nozul da saiti. In akwai tabo, wato turbo mai ƙara wa inji iska, a jikin injin to 352 A ne mai doki wajen 168, wannan ba a haɗa masa fistin da na marar tabo.

Sarkin Walda:
To na janye maganar bugu tunda manya sun hadu a kai. Amma in an zo gyaran cesis din, don nasan mota da ta dade a kasa sai an samu inda ya cinye, a kirani, zan yi faci in kewaye wajen lambar ko zafi ba zai taba shi ba.

Oga Panteka:
Yauwa yanzu kayi magana Sarki. Kuma in an zo fenti a manna salatif a kan lambar, bayan an gama a cire a shafa mata giris kadan.

Abban Walid:
Na samo ta inji, ta fara da 352 sai 9, babu tabo. Na ɗauki hoton ta cesis da allin a jiki, da faranti, da ta inji da ta injekta, na kuma goga ta cesis a takarda kamar yadda Mai Sifiya ya ce na haɗa da ragowar fatikula a leda. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan fara da kotu. Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara girma.

Mai Sifiya Kofar Ruwa:
Amin. Kafin ka sayi komai ka sa a cire nozul a zuba mai a silinda ya kwana biyu a gwada juya injin da hannu, in ya juya to gaskit da ringi da famfon ruwa ne farko. Ka turo min takwas din farko na cesis da na inji ta akwatin sirri in duba maka abinda ke kasa.